Na sa sabon SSD, tsohon hadisk ya ɓace da aikin mutane a ciki

Mai Shagon Bugu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka, hankalina a tashe yake. Kwamfutar tebur ce ta shago, da ita nake yi wa mutane katin biki da kalanda, da ita nake buga furojet ɗin ɗalibai. Ta yi nauyi sosai, CorelDRAW sai na danna na sallami kwastoma na dawo bai gama buɗewa ba. Aka ba ni shawara na sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, mai 512GB, irin siririn nan da ake kwantarwa a jikin madabod a ɗaure da sukuru ɗaya. Wani yaro ya sa shi a kesin na USB ya kwafe min Windows a kansa, muka ɗaura, ta tashi nan take. To amma tsohon hadisk ɗin mai 1TB babu shi babu labarinsa. Na buɗe This PC, C kawai nake gani. Duk aikin mutane yana cikin D, har da furojet ɗin wata ɗaliba da za ta miƙa makon nan.

Yaron Oga: Wa alaikumus salam. Oga kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin abu ne. Ka shiga Disk Management, wurin da Windows ke jera faifan da ke haɗe da kwamfuta, za ka gan shi a ƙasa. Idan ya nemi Initialize ka ba shi, ka yi masa fomat, zai fito.

Malamar Kwamfuta: A'a! Alhaji kada ka danna wannan, don girman Allah. Ƙanena, mutumin nan ya ce aikin mutane na ciki. Initialize da fomat na sabon faifai ne da aka ɓare daga kwali babu komai a kansa. Tsohon faifai mai kaya idan ya zo yana neman Initialize, alamar matsala ce, ba gayyata ba ce.

Ɗan Kwalejin Fasaha: Ni ina zargin bairos ne. Filashin ɗalibai da ake cusa wa kwamfutocin shago ba abin da ba sa ɗaukowa.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kowa ya ɗan dakata da magani tukuna, ba mu san ciwon ba. Bairos yana ɓoye folda, yana mai da fayil gajeriyar hanya, amma bai cika ɗauke faifai sukutum a ranar da aka buɗe cikin kwamfuta aka ƙara sabon abu ba. Tambayoyi zan yi maka, ka amsa min ɗaya bayan ɗaya. Na farko, ka buɗe murfin gefe, ka kunna ta, ka ɗora bayan yatsanka a kan ƙarfen tsohon hadisk ɗin. Kana jin yana ɗan rawa, yana juyawa? Ka kasa kunne kuma, akwai ƙara mai maimaituwa, ƙas ƙas ƙas? Na biyu, ka sake kunna ta ka shiga BIOS, wato allon saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi. Idan bod ɗin haɗi ne yawanci maɓallin Del ne, HP kuma F10, Dell F2. Ka nemo wurin da aka jera faifan da ke haɗe, ka faɗa min abin da ka gani.

Mai Shagon Bugu: Baba yana juyawa lafiya lau, ina jin rawarsa a hannuna, ba wata ƙara. A BIOS kuma sunan SSD ɗin kaɗai ya fito. Layukan SATA, wato na bakunan da ake soka wayar hadisk, duk babu komai a gabansu. Na duba Disk Management ɗin ma, faifai ɗaya ne tak.

Baba Injiniya: Madalla, mun rage hanya. Yana juyawa, ke nan wuta na isa gare shi daga fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. BIOS bai gan shi ba, ke nan maganar ba ta kai ga Windows ba ma. Abin da BIOS bai gani ba, Windows ba zai gani ba, kuma ba wata manhaja da za ka sauke ta nuna maka shi. Saura hanyar da bayanai ke bi tsakanin faifan da bod. Wayoyi biyu ke shiga bayansa: mai faɗi mai fil 15 ta wuta ce, siririya mai fil 7 ita ke kai bayanai. Ita za mu bi.

Sabon Shiga: Ni wani ya taɓa ce min idan hadisk ya ƙi fitowa a sa shi a leda a jefa a firiza ya kwana, wai yana farfaɗowa.

Malamar Kwamfuta: Kada ka yi wa kowa wannan. Da ka fito da shi cikin zafin garin nan raɓa za ta taru a kansa da cikinsa, kuma tazarar da ke tsakanin allurar da ke karatu da fuskar faifan ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Faifan da ake iya ceto sai ka ƙarasa shi. Na Alhaji ma ba alamar ya lalace.

Mai Shagon Bugu: Na kashe, na zare siririyar wayar na mayar, na ji ta shiga da ƙarar nan. Na ma canja ta da wata sabuwa da ke cikin kwalin bod. Har yanzu shiru.

Baba Injiniya: To yanzu ka duba min abu biyu. SSD ɗin da ka saya, bakinsa da ke shiga cikin ramin, tsaga ɗaya gare shi ko biyu? In kwalin na kusa ka karanta, SATA aka rubuta ko NVMe? Sannan ka haska fitila a jikin bod, daidai inda siririyar wayar ta shiga. Akwai ƙananan rubutu, SATA1, SATA2, haka. A wace lamba take?

Mai Shagon Bugu: Tsaga biyu ne. A kwalin an rubuta M.2 2280 SATA. Wayar kuma tana cikin SATA1, tun ranar da aka haɗa kwamfutar a nan take, ba wanda ya taɓa ta.

Baba Injiniya: Ina kyautata zaton mun kama ɓarawon. Bari in yi bayani a tsanake, don wannan matsalar tana sa mutane su jefar da faifai mai lafiya.

M.2 sunan siffa ne kawai, ba sunan gudu ba. Lambar 2280 ɗin nan tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. A cikin wannan siffa ɗaya akwai iri biyu. Akwai NVMe, wanda ke bin layin PCIe, yawanci tsaga ɗaya gare shi. Akwai kuma na SATA, yawanci mai tsaga biyu, wanda a ciki bai da bambanci da SSD mai inci 2.5 da ake sa wa waya, gudunsa bai wuce wajen 550MB a daƙiƙa ba. Naka shi ne na biyun.

To layukan da bod ke da su ƙidayayyu ne. Masu ƙera bod da yawa sai su ɗauki layin SATA guda su ba shi baki biyu, ɗaya a ramin M.2, ɗaya a cikin bakunan da ake soka waya. Kamar makunnin nan ne da muke juya wuta daga ta NEPA zuwa ta janareta: in ya koma gefe ɗaya, ɗayan ya mutu, ba lalacewa ya yi ba. Da ka sa M.2 na SATA, bod ya juya layin zuwa gare shi, bakin da tsohon hadisk ke ciki ya daina aiki. Wuta kuwa daga fawa fak take zuwa kai tsaye, shi ya sa kake jin yana juyawa abinsa.

Ka ɗauko littafin bod ɗin, ko ka nemi sunansa a shafin kamfanin, ka duba wurin bayanin ma'ajiya. Galibi da ƙaramin rubutu suke sa wannan gargaɗin a ƙasa.

Ɗan Kwalejin Fasaha: Baba ke nan da NVMe ya saya da bai shiga wannan ba?

Baba Injiniya: A wasu bod ɗin haka ne, a wasu ba haka ba. Akwai waɗanda sai ka sa na SATA bakin ke mutuwa. Akwai kuma bod ɗin B450 da ko wane iri ka sa a ramin, SATA5 da SATA6 ke tafiya tare. Ba a haddace shi, littafin kowane bod ake dubawa. Akwai ma ramin da iri ɗaya kawai yake karɓa, SSD ɗin ya shiga daram, sukuru ya ɗauru, amma BIOS ba zai taɓa ganinsa ba.

Mai Shagon Bugu: Allahu Akbar. Na samu a littafin, shafin da ke da zanen bod. Sun ce idan na'urar da ke ramin M.2 ta SATA ce, SATA1 ba zai yi aiki ba. In mayar da wayar SATA2?

Baba Injiniya: Ka kashe, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ka kai hannu ga bod. Sai ka mayar SATA2 ko SATA3. Kafin Windows ka fara shiga BIOS, ka tabbatar SSD ɗin ne a sahun farko wajen tashi.

Mai Shagon Bugu: BIOS ya gan shi! Sunansa ya fito a gaban SATA2. Amma Baba na shiga Windows, har yanzu C kaɗai ne a This PC. Jikina ya sake yin sanyi.

Yaron Oga: Kun gani ko? Ai na faɗa tun farko, Disk Management za a koma.

Malamar Kwamfuta: Za a koma, amma kallo za a je yi, ba fomat ba. Alhaji ka buɗe shi, ka duba akwatin hagu inda aka rubuta Disk 1. Me ke ƙarƙashinsa? In wani saƙo ya taso yana tambayarka MBR ko GPT, Cancel za ka danna.

Mai Shagon Bugu: Ba saƙon da ya taso. An rubuta Disk 1, Basic, 931.51 GB, sai Offline da 'yar alama kusa da shi. Na ɗora linzami a kai, ya ce wani abu game da signature collision da wani faifan da ke aiki. Kuma Malama 931 fa? Nawa 1TB ne, ko wani abu ya riga ya goge?

Malamar Kwamfuta: Ba abin da ya goge. Masu ƙera faifai da 1000 suke lissafi, Windows da 1024, shi ya sa 1TB ke fitowa 931. SSD ɗinka ma za ka ga 476 maimakon 512.

Maganar Offline kuma labari ne mai daɗi. Kowane faifai yana da lambar shaida da Windows ke gane shi da ita. Wasu manhajojin kwafi suna kwashe har wannan lambar su ɗora a kan sabon. Yanzu da faifan biyu suka haɗu a kwamfuta ɗaya da lamba ɗaya, Windows ya ajiye ɗaya a gefe don kada ya rikita su. Kayanka na nan yadda ka bar su. Ka danna dama a kan akwatin hagun, ka zaɓi Online, Windows zai ba shi sabuwar lamba.

Baba Injiniya: Daidai ne, amma ya san abu ɗaya kafin ya danna. Da zarar lambar ta canja, tsohon Windows ɗin da ke kan hadisk ɗin zai iya ƙin tashi nan gaba sai an gyara masa bayanan tashi, domin da tsohuwar lambar ya san kansa. Fayil ba za su taɓu ba. Ni dai nakan so mutum ya tabbatar sabon yana tashi shi kaɗai kafin ya rufe ƙofar komawa.

Malamar Kwamfuta: Baba ai an riga an gwada wannan ba da niyya ba. Duk lokacin da SATA1 ke mace, SSD ɗin ne ke tashi shi kaɗai.

Baba Injiniya: Gaskiyarki Malama. Alhaji bismillah, danna.

Mai Shagon Bugu: Alhamdulillahi! Sun fito. Tsohon C ya zama E, tsohon D ya zama F. Na buɗe foldar ɗalibar nan, furojet ɗin na nan babi biyar cif. Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Yanzu E ɗin nan mai tsohon Windows, in goge shi in samu fili?

Baba Injiniya: Amin, amma ba yau ba. Mutane sukan manta kaya a Desktop da Documents da Downloads na tsohon Windows, kuma duk suna cikin E, a foldar Users. In ka buɗe zai ce ba ka da izini, ka danna Continue ka ba shi lokaci. Rubutun ado da ka tara na aikin kati ma suna can, a foldar Fonts cikin Windows, in ba ka kwaso su ba tsofaffin zanenka za su buɗe da wani rubutu daban. Harafin F kuma kana iya mayar da shi D a nan Disk Management ɗin, ta Change Drive Letter and Paths, don manhajojin da suka saba neman kaya a D su same su. Sannan ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka ga lafiyar tsohon faifan. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, kada ka sake amince masa da aikin mutane. Ko lafiyarsa ƙalau ma, ka samu hadisk na waje ka kwafe F a kai tun a daren nan.

Yaron Oga: Ina taya ka murna Oga. Amma ina da magana, kada a ɗauka mu masu gyara a kasuwa jahilai ne. Baba ka ga tsawon lokacin da aka ɗauka a nan. A shago mutum zai kawo na'ura yana tsaye a kanka, yana son ta cikin rabin awa, kuma kuɗin bincike ba ya biya, sai ya ga an canja wani abu ko an yi fomat sannan ya yarda an yi aiki. In na ce na gano bakin waya ne kawai, sai ya ce ai ba ka yi komai ba. Mu ma abinci muke nema.

Malamar Kwamfuta: Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma laifin masu kai gyara ne da ba sa ganin darajar sani. Amma ƙanena, gaggawar kwastoma ba ta halatta a share masa kaya ba tare da an tambaye shi ba. Tambaya ɗaya ce: akwai abin da kake so a ciki? Na sha ganin ɗalibai mata suna kuka a ofis saboda an goge musu aikin shekara, kuma a ƙarshe matsalar ba ta ma faifan ba ce. Ga shi yanzu SSD ya yawaita. A hadisk mai juyawa, in fomat mai sauri aka yi kuma ba a rubuta komai a kai ba, ana iya ceto da yawa da manhajoji irin su TestDisk da PhotoRec. A SSD akwai abin da ake kira TRIM, wanda ke sa faifan ya share wuraren da aka ce ba a buƙata. Abin da ya tafi a nan da wuya ya dawo.

Baba Injiniya: Yarona, ka sa wa bincike farashi, ka faɗa wa mutum tun kafin ka kwance sukuru. Wasu za su tafi, amma wanda ka ceto wa kaya shi zai riƙa turo maka mutane. Kuma binciken ba shi da tsawo in ka saba. A rubuce ne ya ja lokaci, a kan tebur taɓa faifai da leƙa BIOS ba sa cin minti biyar.

Yaron Oga: Baba faɗa da sauƙi. A layinmu in na ce sai an biya kuɗin dubawa, shagon gaba zai shiga. Sai dai in duk masu gyara sun haɗa baki.

Admin: Wannan batun farashin ya cancanci zaurensa daban, zan buɗe shi anjima. A nan mu tsaya kan faifai.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Tawa ta ɗan bambanta. Laftop ce mai Core i5 zubi na 11. Na cire NVMe mai 256GB na sa mai 1TB. BIOS na ganinsa da sunansa. Amma in na tashi da filashi don in sa Windows 11, wurin zaɓen faifai fayau yake, ba komai. Ni ma bakin ne ya mutu?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. A'a, taka ba ta waya ba ce, tunda BIOS ya gan shi. Laftop da yawa daga zubi na 11 na Intel suna zuwa da wani tsari a kunne mai suna VMD, wanda faifan ke bi ta ƙarƙashinsa, kuma filashin Windows sau da yawa ba ya ɗauke da direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane shi. Hanya biyu ce. Ka shiga shafin kamfanin laftop ɗin da wata kwamfutar, ka nemi direban Intel Rapid Storage Technology na samfurinka, ka warware shi ka zuba foldar a filashin. In ka iso wurin da yake fayau ɗin, ka danna Load driver ka nuna masa foldar. Ko kuma ka kashe VMD a BIOS, in laftop ɗin ta ba da dama, don ba duka ke bayarwa ba.

Na Maraɗi: Tawa da Faransanci take, na ga Charger un pilote a ƙasa, ina jin shi ne. Wace hanya ta fi a cikin biyun?

Baba Injiniya: Shi ne. Tunda sabon faifan babu komai a kansa, duka biyun lafiya. Ni na fi son ta direba, domin in ka kashe VMD sannan wata rana ka mayar da tsohon faifan, Windows ɗin da ke kansa zai tarbe ka da allon kuskure mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, sai ka sake kunna shi.

Malamar Kwamfuta: Ɗan'uwa, tsohon mai 256GB ɗin, akwai kayanka a kai?

Na Maraɗi: Akwai, hotunan iyali da takardun aiki. Niyyata in sayi kesin in kwashe su daga baya.

Malamar Kwamfuta: To ka kula da abu biyu. Kesin ɗin ya zama na NVMe, ko wanda aka rubuta yana karɓar duka biyun, na SATA zalla ba zai karanta shi ba. Sannan sababbin laftop da yawa suna kulle faifai da BitLocker da kansu in ka shiga da asusun Microsoft, mai ita ma bai sani ba. In haka ne, da ka soka kesin ɗin zai nemi mabuɗi mai lamba 48. Ka shiga asusunka na Microsoft ta waya yanzu, ka duba ko mabuɗin na nan, ka rubuta shi a takarda. In ba ka same shi ba, ka mayar da tsohon faifan cikin laftop ɗin tun ba ka taɓa komai a BIOS ba, ka bar ta ta tashi, ka kwashe kayan zuwa waje, sannan ka dawo kan sabon.